Wace wuƙa ce ta dace da fiɗa a daji? Tambayoyi da amsoshi

Da an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, mafarauta suka fara kakkaɓe kayan aiki, bindiga da karnuka ne ke cinye hira. Wuƙa kuwa sai wadda hannu ya kai kanta. Sai nama ya faɗi, rana ta take, ƙudaje sun fara taruwa, sannan mutum zai gane cewa wuƙar da ya rataya ta ado ce. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Ba babbar wuƙa ce ta fi dacewa da daji ba?

A'a. Barho da adda suna da aikinsu, amma ba fiɗa ba. Domin gada, mazo, zomo da makamantansu, ruwan wuƙa mai tsawon santimita 9 zuwa 11 ya isa, wato kusan tsawon yatsanka manuni da ɗan ƙari. Dalilin wannan awo a cikin ƙirjin dabba yake. Idan ka zura hannu za ka yanke maƙogwaro, ido ba ya ganin abin da wuƙa ke yi, yatsa ne ke gani. Ana ɗora manuni a bayan wuƙar har ya kusa rufe tsinin, duk inda yatsa ya taɓa nan tsini yake. In wuƙar ta kai santimita 20, tsinin ya yi gaba ya bar yatsan a baya, sai dai ka ji wari ya taso, ka huda abin da bai kamata ba, ko ka soki ɗayan hannunka da ke riƙe da huhu.

Kauri ma haka. Milimita 2.5 zuwa 3.5 a bayan wuƙar ya wadatar. Mai kaurin milimita 5 ko 6 tana burge ido a kasuwa, amma tsaga nama take yi kamar gatari, kuma wasa ta wahala ne.

Wace siffar baki ce ta fi?

Siffa uku aka fi gani. Akwai mai siririn tsini kamar mashi, wadda aka zaftare bayanta. Tana shiga lungu, tana da daɗin zagaye dubura, amma ita ce uwar huda tumbi da fata. Akwai ta mahauta, mai lanƙwasa sosai, tsininta ya ɗaga sama kamar jinjirin wata. Wajen raba fata da nama babu kamarta, sai dai buɗe ciki da ita sai gwani, domin idan ka juya kaifin sama, tsinin nan da ya ɗaga shi ne zai koma ƙasa yana kallon hanji.

Ta ukun ita ce mai sunkuyayyen tsini: bayanta yana gangarowa a hankali zuwa tsinin, bakinta kuma yana da lanƙwasa mai faɗi a kashi ɗaya cikin uku na gaba. Wani maƙerin wuƙaƙe ɗan Amurka, Bob Loveless, shi ya yi fice da wannan siffa har ta zama ruwan dare. Ga mai sayen wuƙa ɗaya tak, ita ce zaɓi. Lanƙwasar nan ce ke fiɗa, ba tsini ba.

Wasu wuƙaƙen suna zuwa da ɗan ƙugiya a baya domin tsarge fatar ciki. Tana aiki kwana biyu, daga nan ta cushe da gashi ta dakushe, kuma dutse ba ya shiga cikinta. Ba abin ƙara kuɗi a kai ba ce. Mai haƙora irin na zarto kuwa yaga fata take yi, a bar ta wa masu yankan igiya.

Mai naɗewa ko mai kube?

Mai kube. Wuƙa mai naɗewa tana da rami da gaɓa, jini da kitse da gashi suna shiga su daskare, bayan kwana biyu a zafin bazara aljihunka ya ɗauki ɗoyi. Sannan duk wuƙar da ke naɗewa tana iya naɗewa a kan yatsa. Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902, daga baya aikinta ya koma Afirka ta Kudu, tana da arha kuma tana ɗaukar kaifi da wuri. Ta isa zomo da zabon daji. Buck 110 ta Amurka ta fi ta ƙarfin makulli nesa ba kusa ba. Duk da haka, idan za ka ɗauki ɗayansu, ta zama ta biyu a aljihu, kuma in an dawo gida a buɗe ta a wanke ramin da ruwan zafi da tsohon burushin haƙori.

Baƙin ƙarfe ko mara tsatsa?

Kowanne da halinsa. Baƙin ƙarfe, irin wanda ake rubuta wa lamba 1095 ko 5160, yana ɗaukar kaifi mai kyau kuma kowane dutse yana cin sa. Aibinsa tsatsa: ka bar jini a kansa dare ɗaya, da safe ka tarar ya yi ja. Mara tsatsa mai sauƙin wasawa, kamar 12C27 da 420HC, ya fi dacewa da wanda ba zai iya ɗawainiyar shafa mai ba, ko mai farauta a fadama. Akwai masu tsada irin su D2 da S30V da ke daɗewa ba su dakushe ba, amma ranar da suka dakushe a tsakiyar daji, dutsen gargajiya ba zai yi musu komai ba, sai mawashi mai ƙurar daimon.

Taurin ƙarfe ana auna shi da ma'aunin Rockwell. Tsakanin 56 da 60 ne daidai. Ƙasa da haka bakin yana lanƙwashewa, sama da haka yana ɓantarewa idan ya haɗu da ƙashi. Wuƙar da aka rubuta mata “mara tsatsa” kawai, babu lambar ƙarfe, ga zanen damisa ko mikiya a jiki, yawanci kuɗin kwalliya ka biya.

To wuƙar maƙeranmu fa?

Tana iya fin ta kanti, in aka dace da maƙeri. Da yawa suna ƙira da tsohon sifirin mota, wanda ƙarfe ne mai kyau ƙwarai ga wuƙa. Inda ake samun matsala shi ne wajen ba ta tauri. Bayan ƙarfen ya yi ja a gawayin ƙirya, ana tsoma shi ya huce farat ɗaya, sannan a sake ɗumama shi kaɗan har ya yi launin karan dawa. Sifiri ya fi son a tsoma shi a mai. A ruwa yakan tsage, wani lokaci tsagar ba ta fitowa sai an fara aiki. In kuma aka tsallake ɗumamawa ta biyu, bakin zai riƙa ɓarewa kamar fasasshen tangaran.

Kafin ka biya, goga magagari a bakin a hankali. In ya zame yana ƙara, ƙarfen ya yi tauri. In ya ci shi kamar yana cin ƙusa, bai yi ba. Ɗaga ta a hasken rana ka duba siririn layin tsaga kusa da baki. Ka kuma zana wa maƙerin siffar da kake so a takarda, domin in ka bar shi, mai dogon tsini zai ƙera maka, ita kasuwa ta saba saye.

Me ake dubawa a ƙota da kube?

Abu na farko, iya inda ƙarfen ya shiga cikin ƙotar. Wadda ƙarfenta ya ratsa har ƙarshe, aka manna katako gefe biyu aka ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku, ita ce ba ta karyewa a wuya. Wadda aka cusa wa ɗan guntun wutsiya, ranar da ka murɗa ta a gaɓa ruwan zai zare ya bar ka da itace a hannu.

Na biyu santsi. Ƙaho da alminiyum da katako mai sheƙi suna da kyan gani, amma kitse na taɓa su sun zama sabulu. Gwaji mai sauƙi: shafa ɗan man gyaɗa a tafi ka riƙe. Roba mai kaushi ta fi, sai katakon marke ko ƙirya da ba a goge shi ya yi sulɓi ba. A samu ɗan tudu tsakanin ƙota da ruwa da zai tare yatsa. Launi mai haske ya fi baƙi ko kore, domin wuƙa ajiye ta ake yi a ciyawa tsakiyar aiki, kuma magariba ba ta jira.

Kube ya riƙe wuƙar ko an kifa shi. In na fata ne, baduku ya sa wani ɗan tsiri na fata tsakanin ɗinkin, don kaifi ya kwanta a kansa maimakon ya yanke zare. Kada a ajiye baƙin ƙarfe cikin kuben fata tsawon damina, fata tana riƙe laima.

Ita ce kuma za a yi yanka da ita?

Dabbar da aka harba aka tarar da sauran rai, sai an yanka ta. Ga gada da zomo, wuƙar santimita 10 ta isa, in dai tana da kaifin da zai yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da gurzawa ba. Umarnin wasa wuƙa da hutar da abin yanka sananne ne a hadisi. Ga dabba mai kaurin wuya ana buƙatar doguwa mai miƙaƙƙen baki. Gashin wuya, musamman wanda ya sha ƙura, yana cinye kaifi, don haka mai wuƙa ɗaya ya sake goga ta kafin ya shiga fiɗa. Manyan namun da suka rage a ƙasar nan dai galibi a wurare irin su Yankari da Gashaka Gumti suke, inda doka ta hana farauta.

Yaya ake buɗe ciki ba a huda tumbi ba?

A yi shi nan take. A watan Maris da Afrilu, da zafi kan haura digiri 40, cikin dabba yana fara kumbura tun ba a je ko'ina ba, kuma kumburarren tumbi da kansa yake neman tsinin wuƙa.

Kwantar da ita rigingine, kai ya fi gindi tudu. Zagaye dubura da tsini har ta saki, ka ɗaure bakin hanjin da zare ko tsirin ɓawon itace. A ƙasan ciki, tsunkulo fata ka ɗaga, ka yi ɗan tsagi da yatsu biyu za su shiga. Zura manuni da na tsakiya, tafi na kallon sama, ka ɗaga fatar ciki da su, bayan yatsun na danne hanji. Sa wuƙar tsakaninsu, kaifi sama, su tafi tare har ƙashin ƙirji. Tsinin bai wuce santimita ɗaya ko biyu a ciki ba. Yanke tantanin da ya raba ƙirji da ciki ta bin haƙarƙari, kai hannu sama ka yanke maƙogwaro da maƙoshi, ka jawo komai ya fito tare. Mafitsara a tsuke bakinta da yatsa kafin a cire. A hanta, in akwai matsarmama, a yanke ta da ɗan naman da ke kewaye da ita.

In tsautsayi ya sa tumbi ya fashe, juya dabbar abin ya zube waje, a yanke naman da ya ɓaci, a share da tsumma mai tsabta. Ruwan kududdufi ƙara ɓata nama yake yi.

Me ke sa fata ta fito duk huji?

Yawan aiki da wuƙa. Zagaye ƙafafu huɗu a gwiwa, ka tsaga ta cikin cinya zuwa layin ciki, kullum daga ciki zuwa waje, kaifi sama, don kada ka yanke gashi ya watsu a nama. Daga nan hannu ne ke fiɗa. Ja fatar da hagu ta yi tsam, ka dunƙule dama ka tura tsakanin fata da nama, kamar yadda mahauta ke yi wa akuya. Inda ta kama sosai, wajen wuya, ƙirji da gindin wutsiya, nan ne ake shafa lanƙwasar wuƙa a kan farin tantanin, ruwan a kwance, a dogon ja. Ɗumi ma yana taimakawa: gawa mai ɗumi fatarta tana saki, wadda ta huce sai an yi kokawa. Huji ɗaya a tsakiyar baya ya isa ya karya farashi a wurin majema. Zomo kuwa tsagi ɗaya a baya, a ja gaba da baya, ya tuɓe kamar riga. Gafiya da gyazbi galibi babbaka su ake yi.

Ƙashi fa?

Ba aikinta ba ne. Gaɓa ana bin ta: lanƙwasa ƙafar, nemi inda take motsi, yanke jijiyoyin, ta rabu da kanta. Ƙashin ƙugu da na ƙirjin babbar dabba na ƙaramin gatari ne ko zarto. Buga bayan wuƙa da dutse shi ke ɓantare baki.

Yaya ake wasa ta?

Kusurwar da ta dace kamar digiri 20 ce a kowane gefe. Tsayar da wuƙar a kan dutse, kwantar da ita rabi, ka sake kwantar da rabin wancan, ka zo kusa. Shafa tawadar alƙalami mai kaurin baki (maka) a bakin wuƙar. In dutse ya goge tawadar har ƙarshen kaifi, hannunka na daidai. Fara da dutse mai kaushi, lamba 400, kana goga gefe ɗaya har ka ji wani siririn ƙarfe ya lanƙwaso ta ɗaya gefen tun daga gindi har tsini. Juya ka yi haka, sannan ka koma mai laushi, lamba 1000, ka ƙarasa a bayan ɗamarar fata kamar yadda wanzami ke yi wa aska, kana jan ta baya-baya. In babu dutse, samfefa a kan gilashi tana yi.

A kula da injin wasa na kasuwa. In bakin ya yi shuɗi, zafi ya kashe taurinsa, kuma sai an cinye wurin gaba ɗaya kafin ya sake riƙe kaifi.

Bayan an gama aiki fa?

Ruwa da sabulu, a tsane ta sarai, a shafa man gyaɗa ko man kaɗanya kaɗan. Ban da baƙin mai, tunda abinci za ta taɓa. Ƙotar katako ma a shafa mata, hunturu yana tsaga ta. Mai rauni a hannu ya sa safar roba, musamman wajen dangin ɓera, da yake ta ɓera zazzaɓin Lassa ke yaɗuwa. Dabbar da aka tsinta matacciya, baƙin jini na fita ta hanci ko dubura ba ya daskarewa, kada wuƙa ta taɓa ta ko don fata: alamar cutar antaraks ce, buɗe gawar kuma shi ke baza ƙwayoyinta a ƙasa. A sanar da malaman dabbobi mafi kusa.