Mota ce ko direba? Amsoshi ga masu damuna kowace Lahadi

Na daɗe ina kunna tseren Formula 1 a ƴar rumfar ƙofar shagona a Zengo, nan Damagaram. Da farko mu uku ne, sauran ƴan fada suna zaune suna jiran a gama a mayar musu ƙwallo. Yanzu benci biyu ba sa isarmu. Na ji daɗi, sai dai duk sabon zuwa da tambayoyin nan yake zuwa, kuma ba ya tashi yin su sai ana tsakiyar canjin taya, idona na kan agogo. To ga su a rubuce. Wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki, shi zai sayi sukarin shayi.

Ba duk motocin iri ɗaya ba ne?

A'a. Kowace ƙungiya ita ke zana motarta, ta ƙera abarta, ta sa direba biyu. Inji ne wasu ke saya daga Mercedes ko Ferrari.

To mota ce ke cin tsere ko direba?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin sukuwa ya san amsar. Ka ɗora gwanin mahayi a kan ramammen doki, ƙura zai sha har a tashi.

George Russell ya yi kusan shekara biyu a ƙungiyar Williams bai samu maki ko ɗaya ba. A Disamban 2020 korona ta kama Lewis Hamilton, direban Mercedes, sai Mercedes ta ari Russell don tseren Sakhir a Baharain. Motar ma ta matse shi, sai da ya sa takalmin da ya yi masa kaɗan kafin ƙafarsa ta zauna. Ana tashi ya wuce Bottas, ɗaya direban Mercedes, ya ja ragamar tseren, har sai da ƴan gareji suka rikice suka ɗaura masa tayoyin Bottas, daga baya kuma taya ta yi faci, ya ƙare na 9. Mako na gaba ya koma Williams, ya koma can baya inda ya saba. Mutum ɗaya ne, a cikin mako guda.

Amma kada ka ruga da wannan ka ce direba ba kome ba ne. A 2023 Verstappen da Pérez mota iri ɗaya suka tuƙa, ta ƙungiyar Red Bull. Verstappen ya ci tsere 19, Pérez ya ci 2.

Me ya hana kowa ya tafi ƙungiyar da ke ci?

Kujera biyu ce. Kai me ya hana ka hawa dokin Sarki ranar Sallah?

In Alonso gwani ne kamar yadda kake kururuta shi, ina kambunansa?

Yaro, kana rarrafe lokacin da mutumin nan ya ƙwace kambu a 2005 da 2006 da motar Renault, na biyun ma daga hannun Schumacher, don haka ka iya bakinka. Abin da ya ci Alonso shi ne zaɓen gida. Ya je McLaren a 2007, suka yi baram-baram a shekara guda. Ya je Ferrari a 2010, lokacin da Red Bull ke da motar da ta fi ta kowa, duk da haka da maki 4 kacal Vettel na Red Bull ya tsere masa a shekarar, a 2012 kuma da maki 3. Ya gaji da jira, ya koma McLaren a 2015 yana sa rai da injin Honda, injin ya zo ba ƙarfi ba juriya, ya gama shekarar da maki 11. Nasararsa ta 32 ita ce ta tseren ƙasarsu Sifen a 2013. Ba tuƙin ya manta ba: da aka ba shi motar Toyota ya ci tseren awa 24 na Le Mans a 2018 da 2019.

Shi Hamilton ai sa'a ya taka da Mercedes, ko?

Sa'a da lissafi. Lokacin da ya sa hannu zai bar McLaren ya koma Mercedes, a 2012, McLaren ta ci tsere 7, Mercedes ta ci 1, kuma mutane da yawa sun ɗauka ya bi kuɗi ya kashe kansa. Abin da Niki Lauda da Ross Brawn, manyan Mercedes na lokacin, suka nuna masa shi ne dokar inji za ta sauya a 2014, za a koma ƙaramin inji mai lita 1.6 haɗe da lantarki, kuma Mercedes ta riga kowa fara aiki a kai. 2014 ɗin na zuwa suka ci tsere 16 cikin 19. Ya ƙara kambu shida a kan ɗayan da ya samu a 2008. McLaren ɗin da ya baro ba ta sake cin tsere ba sai 2021.

Albashi ne ke jan su?

Wasu. Wanda ya riga ya tara, mota yake nema.

Da kai ne direba, aka ce ka zaɓa: na biyu a babbar ƙungiya, ko na ɗaya a matsakaiciya. Wanne?

Wani dattijo mai gyaran babur ne ya yi mini wannan, kofin shayinsa a hannu har ya huce, kuma ita kaɗai ce tambayar da ta sa na rage ƙarar tele. Baba, amsar tana da rassa, a yi haƙuri da ni.

Zama na biyu a babban gida ba ƙaramin abu ba ne. Bottas ya yi shekara biyar kusa da Hamilton, ya fita da nasara 10. Hülkenberg kuwa, wanda ba wanda ke shakkar hannunsa, ya ƙare ƙuruciyarsa a matsakaitan ƙungiyoyi, bai shiga cikin ukun farko ba sai a tserensa na 239, a Silverstone a 2025. In abin da mutum ke so ya ɗaga kofi ne ya nuna wa ƴaƴansa, to babban gida. Sai dai akwai abin da ake haɗiyewa. A Ostiriya a 2002 Barrichello, na biyun Schumacher a Ferrari, shi ne a gaba tun daga farko, Ferrari ta umarce shi ya ba Schumacher hanya, ya sassauta ana ƴan mitoci da layin ƙarshe, ƴan kallo suka yi ta ihu. Ba kowace zuciya ke ɗaukar wannan ba. Kuma ba zan ce na biyu ba ya taɓa juyewa ya zama na ɗaya ba, tunda Rosberg, abokin tuƙin Hamilton a Mercedes, ya doke shi da maki 5 a 2016, ko da yake abin ya tatse shi har ya ajiye tuƙi bayan kwana biyar.

Sai a duba wa za a zauna kusa da shi. Kullum ana zagin Ricciardo a rumfar nan, wai ya bar Red Bull a ƙarshen 2018 ya tafi Renault, ga shi Verstappen ya kwashe kambu huɗu daga 2021 zuwa 2024. Gaskiya ne. To amma waɗanda suka gaji kujerar fa? Gasly tsere 12 ya yi aka sauke shi, Albon ma bai daɗe ba. Da Ricciardo ya zauna, wataƙila da ya ƙara nasarori, wataƙila kuma da an niƙe shi a hankali. Ni dai ba zan rantse ta kowane ɓangare ba.

Akwai hanya ta uku, ta Schumacher: ka je gidan da ke da arziki amma ya lalace, ka gyara. Ya bar Benetton da kambu biyu ya tafi Ferrari a 1996, alhali rabon direbanta da kambu tun 1979. Bai tsaya shi kaɗai ba, injiniyoyi Ross Brawn da Rory Byrne sun biyo shi, Jean Todt na shugabancin gidan. Duk da haka sai a shekara ta biyar abin ya kama, sannan ya jera biyar, 2000 zuwa 2004. Vettel ya bi sawunsa a 2015 da kambu huɗu a aljihu, ya yi shekara shida, ya fita ba ƙari. Jean Alesi kuwa Williams ce ta neme shi, zuciyarsa ta ja shi Ferrari a 1991. Williams ta ɗauki kambu a 1992 da 1993, shi kuma tsere ɗaya tak ya ci a rayuwarsa, a Kanada a 1995.

Don haka da ni ne, Baba, ba zan tsaya kallon wa ke ci bana ba. Zan tambaya yaushe doka za ta sauya, wa ke ƙera injin, kuma ina manyan injiniyoyi irin su Adrian Newey ke tattara kayansu suna nufa. In ina da ƙuruciya zan karɓi kujerar babban gida, da gajeren kwantiragi, in gwada kaina. In na haura talatin kuma na riga na ci, zan nemi inda za a gina mota a kaina. Wannan ma lissafi ne kawai. A Disamban 2008 Honda ta janye daga Formula 1, direbanta Jenson Button ya wayi gari ba shi da tabbacin mota, bayan ya gama shekarar da maki 3. Brawn ya karɓi ragowar ƙungiyar, Button ya ci shida cikin tsere bakwai na farko, ya zama zakaran duniya na 2009. Shi bai zaɓi kome ba, zama ya yi inda yake.

Hamilton ya koma Ferrari a 2025, bai yi abin kirki a shekarar ba. Ya ƙare ke nan?

Kwantar da hankalinka, ƙanena, kada ka cire jar rigar Ferrari da ka saya a Kasuwar Dole. Shekara 12 ya yi a gida ɗaya, da injin Mercedes tun shigowarsa Formula 1 a 2007. Sabon birki, sabon sitiyari, sabuwar muryar injiniya a kunne, duk sai an saba. Abin da zan yarda da kai a kai shi ne shekaru: yana da 40 ya sa jar rigar, Schumacher yana da 27.

Me ya sa ba a kawo tseren Afirka?

An yi. Na ƙarshe a Kyalami ne, Afirka ta Kudu, 1993. Wanda iyayenmu suka gani yana ratsa Agadas da Tenere shi ne Paris-Dakar, wani abu ne daban, ku daina haɗa mini su.

Ƙarfe nawa ake farawa?

Yawancin na Turai ƙarfe 2 na rana agogonmu. Ka yi azahar ɗinka ka zo da kujerarka.