Ma'anar "hoton fim" a bakin matasan masu ɗaukar hoto

Duk wanda ya ji kalmar "fim" a ƙasar Hausa, hankalinsa yakan tafi ne ga wasan kwaikwayo na Kano ko na Indiya. Shi ya sa idan matashin mai hoto a Sakkwato ya ce wa uwar amarya zai ɗauki bikin 'yarta da fim, ba abin mamaki ba ne ta amsa masa da cewa, "A'a ɗana, mu hoto muke so, mai bidiyo daban muka kira." Abin da yaron yake nufi kuwa shi ne hoto tsayayye, irin wanda iyayenmu suka sani kafin zuwan kyamarar dijital da wayar hannu, wanda ake ɗauka a kan wata siririyar leda naɗaɗɗiya da ake sakawa cikin kyamara. Wannan ledar ita ce fim tun asali, kuma wasan kwaikwayo ya ari sunan ne saboda a kanta aka fara ɗaukarsa.

Fuskar ledar a shafe take da wani danƙo mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa, waɗanda suke sauyawa da zarar haske ya taɓa su. Idan aka danna kyamara, haske yakan shiga cikin ƙiftawar ido ya bar alamarsa, amma ido ba ya ganin komai sai an shiga wuri mai duhu an jiƙa ledar cikin sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake fitowa shi ne nagatif, inda farar riga take komawa baƙa, baƙin gashi ya koma fari, sannan daga gare shi a fitar da hoton a kan kati. Daga nan muka gaji kalmar "wankin hoto", wadda har yau muke faɗa idan za mu kai hoton waya a buga mana, alhali hoton waya ba shi da nagatif ɗin da za a wanke.

George Eastman na Amurka ne ya sauƙaƙa wa talaka wannan sana'a, lokacin da ya fitar da kyamarar Kodak a 1888 da naɗin da yake ɗaukar hoto 100. Abin ban mamaki shi ne, a cikin kamfanin nasa ne wani injiniya mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, wadda zuriyarta ta kusa binne fim, har Kodak ya bayyana karyewar arzikinsa a 2012. Fim dai bai mutu ba. Kamfanin Ilford na Ingila bai daina yin na baƙi da fari ba, Kodak kuma ya dawo da fim ɗinsa mai launi, Ektachrome, kasuwa a 2018, kuma da yawa daga masu nemansa yanzu matasa ne da suka taso da waya a hannu.

Naɗin da aka fi sani shi ne na milimita 35, mai ɗaukar hoto 24 ko 36. Akwai kuma babba da ake kira 120, wanda yake ba da hoto 12 kacal idan murabba'i ake ɗauka. Wannan ƙarancin shi ne yake gyara halin mai hoto, musamman idan hoton fuska zai ɗauka. Wanda ya san dannawa goma sha biyu gare shi ba ya gaggawa. Yakan zaunar da dattijo kusa da ƙofar zaure inda haske yake shigowa ta gefe ɗaya, ya yi ta jan sa da gaisuwa da hira har ƙuncin fuskarsa ya saki, ya gyara masa zaman rawani, sannan ya danna sau ɗaya. Babu allon da za a leƙa a ce a sake.

A wajen biki kuwa, fa'idar fim da ta fi dacewa da garinmu ita ce haƙurinsa da haske mai yawa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ɗaurin aure da hantsi a Sakkwato ya san yadda farar shadda take ƙuna a hoton dijital, ta koma fari fat, a nemi aikin aska takwas da ke ƙirjin rigar a rasa. Fim mai launi irin Kodak Portra, wanda aka yi shi musamman domin launin fata, yakan riƙe zaren aikin ko da rana ta yi yawa, ya kuma bar wa jan lallen amarya taushinsa. Duk da haka, a ganina ganganci ne mutum ya dogara da fim kaɗai a daren kai amarya, domin cikin ɗaki da ƙarancin wuta dijital ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma biki ba a maimaita shi. Masu hankali cikin matasan sukan rataya kyamara biyu.

Abin da suke kira hoton fasaha shi ne wanda ba wanda ya sa su, kuma ba don a gane fuskar wane aka ɗauka ba: hannun majemi yana goge jar fatar akuya, ko inuwar dogarai a bangon fadar Sarkin Musulmi ranar hawan salla. A nan sukan fi son baƙi da fari, saboda tsaki-tsakin da yake bayyana a jikin hoton kamar tsakin gero. Ba sabon abu ba ne a Najeriya, domin mai hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, kuma hotunan nan sun shiga manyan gidajen adana fasaha na duniya.

Babban abokin gabar fim a nan shi ne zafi. Idan bazara ta kama, ma'auni ya haura digiri 40, naɗin da aka manta a cikin mota yakan sauya launi ya dusashe, don haka a firji ake ajiye shi, ga kuma halin da wutar lantarki take ciki. Ƙurar hunturu ita ma takan lafe a jikin nagatif yayin shanya, ta bar ɗigo-ɗigon da sai an bi su an goge. Ga tsadar naɗin da ake shigo da shi daga waje, ga jiran wanki na kwanaki.

Yanzu akwai manhajojin da suke shafa wa hoton waya launi irin na tsohon hoto da tsaki-tsaki, wasu kuma su tallata shi da sunan hoton fim. Mai son ya bambance sai ya tambayi mai hoton sunan naɗin da zai saka, da yawan hoton da zai fita, sannan su yi yarjejeniya tun kafin ranar biki cewa za a miƙa masa nagatif ɗinsa tare da katunan.