Ciyar da 'Yan Firamare da Amfanin Gonar Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi

Yaushe aka fara wannan shiri?

Gwamnatin Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a watan Janairun 2016. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da nata shirin domin 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan Naira 70 ga kowane yaro a rana, kafin a mayar da kuɗin Naira 100. An dakatar da na tarayyar a watan Janairun 2024.

Me ya sa ake nacewa sai an sayi kayan abincin a gida?

Saboda jihar da ke noma masara a Saminaka da tumatir a Ikara, ga wake da waken soya, ba ta da dalilin ɗauko abincin 'ya'yanta daga nesa. Idan mai girki ta yi awo a hannun manoman garinsu, kuɗin mota ya ragu, manomi kuma ya san inda zai kai amfaninsa tun kafin kaka. Sai dai hakan ba zai yiwu ba matuƙar ba a biyan masu girki a kan kari, domin matar da ta shafe makonni tana jiran haƙƙinta dole ta karɓi kaya bashi a duk inda ta samu. A Brazil, dokar 2009 ta wajabta kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyarwar tarayya wajen saye daga ƙananan manoma. A ganina muna buƙatar irin wannan tanadi a rubuce, tare da ƙungiyoyin manoma, tunda mutum guda ba zai iya wadata makaranta kowane mako ba.

Me za a koya wa yaro game da abin da yake ci?

A koya masa cewa wake da ƙwai suna gina jiki, zogale da manja suna da bitamin A mai kare lafiyar ido, gishiri mai aidin kuma yana hana maƙoƙo. Darasin ya fi shiga idan malami ya yi shi a kan abincin ranar, bayan an wanke hannu da sabulu, ko a ɗan lambun da ɗaliban suke ba wa ruwa da kansu.

To, idan kaya suka yi tsada fa?

Jadawalin girki ya riƙa bin lokacin amfanin gona. Tumatir yana araha da rani, sai a shanya kauɗarsa domin damina, lokacin da rama da alayyafo suke wadatuwa.