Cin fatar birki ba daidai ba a mota

Cin fatar birki ba daidai ba matsala ce da ke aukuwa idan fata ɗaya ta riga 'yar uwarta ƙarewa, ko kuma fata guda ta cinye a karkace, gefe ɗaya da kauri ɗayan ya kusa kai wa ƙarfe. A garejojin Garwa, Marwa da Injamena ana kiran fatar da sunan plaket, kuma kowace taya mai birkin faifai tana da guda biyu, ta ciki da ta waje, waɗanda kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifan yana riƙe da fatun, ke matsawa a jikin faifan idan direba ya taka birki. Sabuwar fata kan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma akan canza ta idan ta sauko kusa da milimita 3. Ɗan bambanci tsakanin fatun ba abin damuwa ba ne, amma idan ɗaya ta ninka ɗaya kauri, to akwai abin da ya maƙale.

A ƙananan motoci irin su Corolla, kalifa mai fistin ɗaya ne, kuma yana zamiya a kan ƙusoshi biyu. Fistin yana tura fatar ciki, sannan jikin kalifan ya zame ya jawo fatar waje, har su riƙe faifan da ƙarfi iri ɗaya. Da an saki birki, zoben roba da ke kewaye da fistin yakan ja shi baya kaɗan. Duk abin da ya hana wannan zamiya ko wannan komawa, shi ne ke jawo cin da ba daidai ba.

Don haka bakaniken da ya san aikinsa ba ya jefar da tsohuwar fata sai ya karanta ta. Idan ta ciki ce ta fi cinyewa, galibi fistin ne ya yi tsatsa ba ya komawa, ko kuma ƙusoshin sun daskare gaba ɗaya har fistin ne kaɗai ke aiki. Idan ta waje ce, kalifan yana matsowa amma ba ya saki, sai fatar ta yi ta gogar faifai ana tafiya. Fatar da ta cinye a karkace kuwa tana nuna ƙusa ɗaya ce ta kama, ko kunnuwan fatar sun cije a mazauninsu saboda tsatsa. Wani lokaci fatun taya ɗaya duka biyu ne ke ƙarewa alhali na ɗaya tayar suna nan lafiya. A nan sai a tuhumi tiyon roba da ke kai man birki, domin cikinsa kan ruɓe ya bar mai ya shiga amma ya hana shi dawowa, ko da daga waje ba a ga komai ba. Hilux da Land Cruiser da yawa suna da kalifa kafaffe mai fistin huɗu a gaba, wanda ba ya zamiya, kuma a irinsa fistin guda da ya kama ya isa ya karkatar da fata.

Yanayin arewacin Kamaru da Chadi yana hanzarta wannan lalacewa. Ƙurar hunturu tana shiga ta robar kariya da ta tsage, ta haɗu da giris ta zama tamkar sanfefa a jikin ƙusa. Da damina kuma motoci na ratsa mayo, wato rafukan da ke cika da ruwa a damina, da unguwannin da ruwa ya mamaye, kamar yadda aka gani a ambaliyar Injamena ta 2022, ruwan ya kwanta a bayan robar fistin ya haifar da tsatsa. Gangaren da ke kan hanyar Ngaundere zuwa Garwa, inda ake saukowa daga tudun Adamawa zuwa kwarin Binuwai, yana sa birki zafi ƙwarai, musamman ga motar da aka lafta wa kaya, kuma zafin yana ƙona giris ya taurara roba.

Direba yakan fara jin alamar kafin a kwance taya: motar tana ja gefe ɗaya idan an taka birki, ko ƙaurin ƙuna, ko taya ɗaya ta fi sauran zafi bayan gajeriyar tafiya. A gareji ana ɗaga motar da jak a juya tayar da hannu. Idan ta yi nauyi, sai a buɗe ƙaramar ƙusar fitar da iska ta kalifan. In tayar ta saki nan take, matsin mai ne ya maƙale, wato laifin tiyo ne ko babban famfon birki, in kuwa ba ta saki ba, fistin ne ko ƙusoshi.

Gyaran ya dogara da abin da aka samu. Ana zare ƙusoshi a goge su, a sa musu giris na silikon, a canza robar da ta yage. Giris na boris da ake yawan shafawa don shi ne a kusa kuskure ne, domin yana kumbura roba har ƙusar ta sake kamawa. Mazaunin fata ana kankare shi da buroshin waya sai fatar ta motsa da yatsa. Fistin da tsatsa ta yi wa ramuka ba ya gyaruwa da guga, sai dai a canza shi da zobensa, ko kalifan gaba ɗaya. Faifai yana da mafi ƙarancin kauri da aka buga a jikinsa, kuma wanda ya gaza wannan adadi canji yake bukata. Fatu kuwa ana canza na tayoyin biyu tare, dama da hagu, ko da ɗaya gefen yana da saura. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu, sannan a fitar da iska, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri kafin motar ta bar gareji.