Shigar Iska da Raunin Zagayawar Ruwa a Famfon Tafkin Ninƙaya na Gida

Famfon tafkin ninƙaya shi ne injin da ke janyo ruwa daga tafki, ya tura shi cikin matata, ya mayar da shi a tace. Matsaloli biyu aka fi yin kuka da su, kuma sau da yawa ɗaya ce ke jawo ɗaya: ko iska ta shiga bututu, ko ruwa ya rage gudu. Kowacce ta faru, kilorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwan, ba ya kaiwa ko'ina, ruwa ya dagule, gansakuka ta kama bango. A lokacin zafi, 'yan kwanaki sun isa tafki ya koma kore.

Yadda ruwan ke tafiya

Ruwa yana barin tafki ta ƙofa biyu. Ta farko sikima ce, wani akwati a jikin bango daidai saman ruwa, wanda ke yaye ganye da ƙura. Ta biyu magudanar ƙasa ce, a can inda tafki ya fi zurfi. Bututansu suna haɗuwa a gaban famfo, ruwa ya faɗa wata tukunya mai kwando da murfi mai haske kamar gilashi, sannan ya isa farfela. Farfela ke wurga shi zuwa matata, daga nan ya koma tafki ta ƙananan bakunan da ke jikin bango.

Famfo ya raba wannan hanya gida biyu, kuma duk gano matsala a kan wannan rabon yake. Daga tafki zuwa farfela, ɓangaren zuƙa ne: matsin da ke cikin bututu bai kai na waje ba, don haka in akwai 'yar kafa, iska ce za ta shiga, ba ruwa ne zai fito ba. Daga farfela zuwa tafki, ɓangaren turi ne, kuma kafa a nan ɗigar ruwa take yi. Shi ya sa mai neman inda iska ke shiga ba ya ɓata lokaci a bayan famfo. Abin da ke ruɗa mutane shi ne wurin da ke shan iska a bushe yake muddin inji na aiki. Wani lokaci sai a daidai sa'ad da aka kashe inji za a ga ruwa ya ɗan yi tsartuwa daga wajen.

Farfela don ruwa aka ƙera ta, ruwa kuwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. In tukunya ta cika da iska, farfela juyawa kawai za ta yi ba ta kama komai ba. Hatsarin yana ga sil, wato zoben da ke kan sandar inji mai hana ruwa ɗiga, wanda fuskarsa ɗaya yumbu ce ɗaya kabon, kuma ruwan da ke wucewa shi ke sanyaya shi. In famfo ya daɗe yana gudu a bushe, sil zai ƙone, zafi ya lanƙwasa kwando, ya sassauta haɗin bututun PVC da ke bakin famfo. Daga nan an sami sabuwar kafa a kan ta farko.

Inda iska ke shiga

Alamominta a fili suke: kumfa na fita daga bakunan bango, ruwan cikin tukunya bai taɓa murfi ba, ko kuma famfo ya kama ruwa ya saki, ya kama ya saki, allurar gejin da ke auna matsin ruwa tana hawa tana sauka.

Abin da aka fi samu shi ne wanda ya fi sauƙin gyara, wato ruwan tafki ya yi ƙasa. Ya kamata ya tsaya wajen tsakiyar bakin sikima. In ya sauka, sai ka ga ruwa yana murɗawa a cikin akwatin yana yin rami, da ƙara irin ta mai zuƙar ƙarshen lemo da tsinke. A ƙasashe masu zafi da bushewa, rana da iska suna shanye ruwa da sauri a bazara da hunturu. Akwai kuma ɗan marfin da ke lilo a bakin sikima; in ya maƙale a tsaye, zai hana ruwa shiga ko da tafki a cike yake.

In ba nan ba ne, sai a duba zoben robar da ke ƙarƙashin murfin tukunya. A kashe inji, a ciro zoben, a goge, a ɗan lanƙwasa shi a gaban haske. Tsagu ƙanana, ko ya baje ya daina zama a zagaye, ko ƙwayar yashi guda da ta zauna a gurbinsa, duk sun isa. Ana shafa masa man silikon. Man da aka yi daga fetur, irin su Vaseline, yana kumbura roba ya lalata ta, ko da yake mutane da yawa shi suke fara ɗauka don shi ne a kusa. Bayan zobe sai ƙananan matosan da ke gindin tukunya, da haɗin da bututu ya shiga bakin famfo, da bawul-bawul ɗin da ke gabansa.

Masu gyara suna da dabara mai arha. Inji na aiki, sai a riƙa kwarara ruwa da mesa a kan haɗi ɗaya bayan ɗaya, ana kallon murfi. Inda kumfa ta ɗauke, nan ne kafar, domin yanzu ruwa take sha maimakon iska. Wasu kumfar aski suke shafawa, su ga inda ta lotsa. In an bi duka ba a samu ba, sai a rufe bawul ɗin sikima a bar na ƙasa, sannan a juya, a ga wane layi ne mai laifi. Idan bututun da ke binne ne ya tsage, aikin ya wuce na mai gida.

Abin da geji ke faɗa

A saman matata akwai gejin matsi. Babu lamba guda da ta dace da kowane gida, duk da cewa yawancin tafkunan gida suna tsakanin psi 10 zuwa 25 (psi shi ne ma'aunin matsi da ke jikin geji). Lambar da ke da amfani ita ce wadda geji ya nuna ranar da aka wanke matata tas, kuma ya kamata a rubuta ta a jikin tankin.

In allura ta haura wannan lamba da psi 8 zuwa 10, toshewar tana bayan famfo, galibi matata ce ta cika. Matata mai yashi ana wanke ta da juya ruwa baya, mai kwanson tacewa a ciki kuma a ciro kwanson a fesa masa ruwa. Ba a murɗa hannun bawul ɗin matata inji na aiki, domin yana yage robar da ke ciki.

In kuwa allura ta faɗi ƙasa, ruwa ne ba ya isowa. Ko kwando ya cika, ko iska ta shiga, ko farfela ta toshe. Toshewar farfela takan biyo bayan fashewar kwando: tsinkayen ganye, gashi da ƙananan iri su wuce su cushe ramukanta. Inji zai yi ƙara lafiya lau, tukunya cike, amma bakunan bango ba ƙarfi. Sai a yanke wuta daga tushe, a ciro kwando, a zura waya mai lanƙwasa a sakace.

Wani lokaci famfo yakan yi ƙara kamar yana niƙa tsakuwa. Wannan ba iskar waje ba ce. Ruwa ne ya ƙaranta a bakin farfela har matsi ya faɗi, ruwan ya riƙa zama tururi yana fashewa a jikinta, yana cin ta a hankali. Toshewa, ko bawul da ba a buɗe duka ba, ko famfon da ya fi ƙarfin bututunsa ke kawo shi.

Sake kama ruwa, da kiyaye hatsari

Bayan gyara, a cika tukunya da ruwa, a rufe murfi da ƙarfin hannu kawai, a buɗe ɗan bawul ɗin iska da ke saman matata, sannan a kunna. Iska za ta yi ta huci, in ruwa ya fara fita sosai a rufe. Wannan mataki ba na ado ba ne: iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, kuma iskar da ta taru a tanki tana iya tashi da murfinsa. Famfon da ke sama da ruwan tafki, in ruwansa yana komawa baya duk sa'ad da aka ɗauke wuta, ana sa masa bawul mai hana komawa.

Magudanar ƙasa ma tana da nata hatsarin, musamman in an karkatar da duk zuƙar famfo zuwa gare ta. A Amurka, mutuwar wata yarinya mai shekara 7, Virginia Graeme Baker, wadda zuƙar magudana ta riƙe a ƙarƙashin ruwa a 2002, ita ta sa aka kafa doka da sunanta a 2007, wadda ta wajabta murafen magudana masu hana maƙalewa. Don haka ba a barin kowa a cikin ruwa lokacin gwajin bawul, ko in murfin magudana ya fashe.

Famfunan zamani masu sauya gudu sun ɗan canza yadda ake karanta alamu. Rage gudun inji da rabi yana mayar da wutar da yake ci kusan kashi ɗaya cikin takwas, shi ya sa ake barinsu suna tafiya a hankali tsawon sa'o'i. A irin wannan gudun geji yakan nuna ƙasa sosai, kuma akan ga 'yar iska ta kwanta a ƙarƙashin murfi. In an ƙara gudu ta ɓace, ba yoyo ba ne. In ta ƙi ɓacewa ko tana ƙaruwa, a koma kan zoben roba.