Kaskon baƙin mai yana yoyo a babbar mota: tambayoyi da amsoshi

Kaskon baƙin mai, wanda a gareji ake ce wa batamfilet, shi ne mazubin da ke ƙarƙashin inji, inda mai ke taruwa kafin famfo ya sake jan sa sama. A tirela ko tifa irin su DAF, MAN da Howo, yakan ɗauki wajen lita 25 zuwa 40, gwargwadon injin.

Na ga mai yana ɗiga daga ƙasan kasko. Ke nan shi ne ya lalace?

Ba lallai ba ne. Duk inda mai ya tsiyayo, ƙasa zai gangara, iska kuma ta kora shi baya idan ana tafiya, sai laifin ya faɗa kan kasko. Yana iya fitowa daga murfin saman inji, ko gindin filta, ko bututun man tobo, ko oyil sil, wato zoben robar da ke hana mai fita ta bakin karanshaf, babbar sandar da ke juyawa a cikin inji. A wanke injin tas, ya bushe, a tayar da shi na minti 15, sannan a bi da tocila a nemo wuri mafi tsayi da ya jiƙe. In an barbaɗa hoda a gefen kaskon, sawun man zai fito sarai. Idan kuwa tsakanin inji da giyabos yake ɗiga, a zargi sil ɗin baya, wanda sai an sauke giyabos ake kai masa.

To in an tabbatar kaskon ne?

Galibi ko dai gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kasko da inji, ya bushe ya tsattsage saboda zafi da daɗewa, ko notin juye ya ci zarensa, ko dutse ya bugi kaskon, abin da tifofin yashi suka saba gani. Washar tagulla da ke jikin notin juye ana sabunta ta duk juye, amma da yawa sai su yi ta mayar da tsohuwa. A duba bututun numfashin inji ma. In ya toshe, iskar da ke ciki za ta turo mai ta sabon gasket kamar yadda ta turo ta tsohon.

Ba zan ƙara ɗaure notocin kawai ba?

In sun saki ne, a ɗaure su daidai awon da littafin injin ya faɗa. Ƙanana ne, ba sa son ƙarfi. Matsa su da yawa yana murƙushe gasket, ya lanƙwasa leɓen kaskon a bakin kowane rami, yoyon ya ƙaru.

Yaya ake canza gasket ɗin?

A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa waigi a tayoyi, kada kowa ya shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. A juye man yana da ɗumi, a kwance notoci, a bar biyu su riƙe kaskon har a tallafe shi, don yana da nauyi. Kafin a wanke, a leƙa cikinsa: ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli alama ce ta metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya fara ci. A kankare tsohon gasket ba tare da an karce fuskar ba, a daidaita leɓen in ya lanƙwashe, a goge har babu maiƙo. Wajen ɗauri a fara daga tsakiya, ana tsallakawa ɓangare zuwa ɓangare, sau biyu ko uku.

Gam fa? Makanikena ya ce shi kaɗai ya isa.

Nan ne na fi jin takaici. Akwai injin da aka ƙera don gam kaɗai, akwai mai gasket ɗin roba da ba ya son gam sai ɗigo a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu. Abin da ake yawan yi shi ne a lafta shi sama da ƙasa, wai don kada a dawo da aiki. Duk abin da ka ga ya bulbulo waje, irinsa ya bulbulo ciki. Can zai ɓalle, ya je ya toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta, ƙarfin mai ya faɗi, metal ya ƙone. Mai mota ya zo da yoyon da gasket ɗaya zai warkar, ya koma da injin da ya buga. In gam za a sa, a ja siririn layi wanda bai yanke ba, a zagaye ramukan noti ta ciki, a kuma ba shi lokacin bushewa. Yawancinsu awa 24 suke so kafin su kama sosai.

Kaskon ya tsage. A yi walda?

Na ƙarfe yana karɓar walda, na alminiyom sai mai waldar agon, na roba mai tauri da ke zuwa a wasu sababbin motoci kuwa canzawa ake yi. Amma a sauke shi a wanke tukuna. Walda a jikin inji ganganci ne, tururin mai yana kama wuta. Bayan an gama a zuba kananzir a ciki, a ajiye, a ga ko zai tsattsafo.

Idan a hanya abin ya same ni?

Ɗigo kaɗan zai kai ka gari, muddin kana duba geji, wato sandar awon mai, duk tsayawa kuma kana da galan ɗin mai a mota. Araldite, wato gam mai ƙarfi da ake haɗa kala biyu, yakan riƙe ƙaramar huda na ɗan lokaci in an juye man, an goge wurin ya bushe. Amma da zarar jar fitilar mai ta kama, ka gangara gefe ka kashe inji nan take, ko da gareji na hango ka.