Tiyon Feshin Kicin Ya Rage Ƙarfi: Tambayoyi da Amsoshi

A sababbin gidajen Gwarinpa, Lokogoma da Kubwa, da wuya ka shiga kicin ba ka ga famfo mai ɗan kan feshi a gefensa ba, wanda ake jawowa da tiyo a ɗauraye tukunya ko a wanke alayyafo. Yana sabo kowa yana yabonsa, bayan shekara ɗaya ko biyu sai ya koma ɗiga. Na daɗe ina gyaran famfo a Abuja, kuma abin da ke min ciwo shi ne yadda ake cire famfo mai lafiya a jefar saboda ɗan yashin da bai cika cokali ba. Ga tambayoyin da matan gida suka fi yi min.

Malam, babban famfon yana zuba da ƙarfi, feshin ne ya mutu. Ta ina zan fara?

Ta kan feshin, Hajiya. Ki rufe famfo, ki murɗe kan ya rabu da tiyo, ki kula da 'yar robar da ke tsakani kada ta faɗa magudana. Sai ki sa bakin tiyon a bokiti ki buɗe famfo. In ruwa ya fito da ƙarfi, kin kama ɓarawon: ƙananan hujojin kan ne suka toshe. Mu da muke shan ruwan burtsatse, abu uku ke toshe su, yashi mai laushi, tsatsa, da farin ɓawon nan da kike gani a gindin butar dafa ruwa.

Ki haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ki jiƙa kan a ciki kamar awa 2, in ɓawon ya yi kauri ki bar shi ya kwana. Ki goge da tsohon buroshin haƙori, ki tsokale hujojin da tsinken sakace. Kada ki sa allura ko ƙusa, suna buɗa hujin, daga nan ruwa ya riƙa fita a karkace yana jiƙa miki riga.

Asid ɗin wanke banɗaki ba zai fi sauri ba?

Zai fi sauri, kuma zai cinye ƙyallin famfon da robobin ciki. In babu khal, ruwan lemun tsami ya wadatar. Abu ɗaya nake roƙo: kada a taɓa haɗa khal da bilic irin Hypo ko Jik. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, ga kicin ɗinmu yawanci taga ɗaya ce.

Na cire kan, amma ko a tiyon ruwan ba ƙarfi.

Ki duƙa ki leƙa ƙarƙashin sinki. Nan ne ake cusa jarkar mai, bokitin mofa da buhun omo, su danne tiyon ya lanƙwashe. Sau da yawa gyaran ke nan gaba ɗaya. Ki kuma duba 'yan makunnan ruwan da ke jikin bango, ko wani ya rufe ɗaya rabi.

In tiyo a miƙe yake, to laifin na wani ɗan bawul ne da ke ɓoye cikin jikin famfon, wanda mu masu gyara ke kira daibata. Bai kai ɗan yatsa tsawo ba. Aikinsa karkatar da ruwa: idan kika danna feshi, matsin ruwa ya ragu a ɓangaren tiyo, sai bawul ɗin ya motsa ya toshe hanyar babban baki, ruwa ya bi tiyo. Ba lantarki a ciki, ba wani inji, ruwan ne da kansa ke tura shi. Shi ya sa ƙwayar yashi kaɗan ke hana shi motsi. Alamarsa a fili take: ki danna feshi ki kalli babban bakin. Kamata ya yi ya ɗauke ko ya koma ɗan tsiyaya. In ya ci gaba da kwarara kamar ba a danna komai ba, daibata ce ta maƙale.

Zan iya cire ta da kaina, ko sai an kira mai gyara?

Mai haƙuri zai iya. A rufe ruwa daga ƙasa, a buɗe famfo ragowar ya tsiyaye, a toshe magudana da tsumma. A famfo mai hannu biyu, ana kwance wuyan famfon, daibatar tana tsaye a tsakiya, sukudireba mai faɗi ke warware ta. A mai hannu ɗaya sai an cire hannun da wuyan, za a gan ta a jikin gangar famfon, a zaro ta da filaya a hankali. A naɗe sifana da tsumma don kada ta kankare ƙarfen. Kowane mataki ki ɗauki hotonsa da waya, ranar mayarwa za ki gode wa kanki. A jiƙa ta a khal, a ɗauraye, a ɗan buɗe ruwa ya wanko dattin ramin, sannan a mayar. In zoben robarta ya tsage, wanki ba zai yi ba, sai sabuwa.

Ni kuwa tun ranar da aka sa famfon feshin bai taɓa ƙarfi ba.

To 'yar'uwa, naki ba toshewa ba ce, ki fita tsakar gida ki ɗaga kai ki dubi tankinku. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da matsi kusan bar 1 (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa). Tankin da ke mita 4 ko 5 sama da bakin famfo, rabin bar ma da ƙyar yake bayarwa. Su kuwa irin waɗannan famfuna yawanci don gidajen Amurka aka ƙera su, inda matsin ruwan gida ke kai bar 3 zuwa 4. Kin ga kenan sai tanki ya hau kamar mita 30 kafin a kamo su. Da raunin matsi daibata ba ta rufewa sosai, ruwa ya rabu biyu, ba bakin ya samu ba, ba feshin ya samu ba. Wanda ke bene na sama ya fi shan wannan wahala, don ya fi kusa da tanki.

Unguwannin da ruwan madatsar Usuma ke isa kai-tsaye sun fi samun sauƙi, amma su ma in ruwan sai ya hau tanki kafin ya sauko, lissafin ɗaya ne. Magani shi ne ƙaramin injin ƙara matsi a bakin tanki, ko a ɗaga tankin, ko a sa famfon da aka yi don ƙaramin matsi. Ina jin takaicin masu sayarwa da ba sa tambayar mai saye tsayin tankinsa.

Na wanke, bayan wata biyu ya sake toshewa.

Yashin daga tanki yake zuwa. A wanke tanki, a sa matata a bututun da ke fita daga cikinsa. Duk ranar da aka yi wankin ko aka gyara bututu, a cire kan feshi da 'yar ragar bakin famfo, a bar ruwa ya gudu na minti 2 kafin a mayar.

Yaushe zan haƙura in sayi sabo?

In jikin famfon ya tsage, ko an rasa daibatar da ta dace. Daibatar kamfanin Delta ba ta shiga famfon kamfanin Moen, famfunan da ba su da suna kuwa kowanne da girmansa. Kan feshi da tiyo ana samunsu daban. In za a je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, a sa tsohuwar daibatar a leda a tafi da ita, a gwada ta da sabuwar a gaban mai shago kafin a biya kuɗi.